Kafin ka tambayi kuɗin ɗaki, tambayi ruwa da sange

Duk lokacin da hutun ƙarshen Disamba ko babban hutu ya gabato, maganar da nake ji a bakin malamai da iyaye iri ɗaya ce: muna so mu kai yara su ga gari, amma ina za mu sauka? Daga nan sai maganar ta mutu, domin a tunanin yawancinmu hanya biyu ce kawai, ko gidan ɗan'uwa ko otal mai tsadar da albashi ba ya kaiwa. Ni ina ganin akwai ta uku, wato ƙaramin masauki mai sauƙin kuɗi. Kuma a ganina abin da ke sa mutane nadama a irin wannan wuri shi ne sun fara da tambayar kuɗi, alhali ita ya kamata ta zo ƙarshe.

Tafiyar kanta ta cancanci wahalarta. Yaron da ke Maraɗi yana haddace a aji cewa Damagaram ce hedikwatar Nijar kafin a mai da ita Yamai a 1926, ga shi tsakaninsa da garin bai wuce kilomita 240 ba, amma bai taɓa ganin fadar sarki da lungunan Birni da idonsa ba. Na Tawa ko Dogon Dutsi yana jin labarin gidan tarihi na Bubu Hama, wanda aka buɗe tun 1959, bai taɓa tsayawa bakin kogin Kwara ba. Kwana biyu sun isa a ga waɗannan. Abin da darasin wata guda bai dasa a kan yaro ba, yini ɗaya na gani da ido yana dasa shi.

Na san abin da za a ce mini: mai ɗan'uwa a gari ya je ya biya kuɗin kwana, ai cin fuska ne. Maganar tana da nauyi, ban raina ta ba. Sai dai mu dubi gaskiyar gidajen birni a yau. Ma'aikacin da ke haya a Yamai, ɗaki biyu da falo, ka sauko masa da mata da yara huɗu, shi zai koma kwana a tsakar gida, uwargidansa ta ninka tukunya, kuma kunya ba za ta bari ya ce uffan ba. Zumunta a ƙafa take. Ka je ka gaishe su da tsarabarka, ku ci abincin rana tare, yara su yi wasa da ƴan'uwansu, da dare kowa ya kwana inda ba ya takura wa wani. In ka sanar da shi tun kafin ka taso, ka kuma roƙe shi ya duba maka masaukin da kansa, ka ba shi girmansa, ka kuma samu idon da ya san gari.

To me zai duba? Ruwa tukuna. A Damagaram ƙarancin ruwa tsohon zance ne, kuma ko a sauran garuruwa pampo yana ɗaukewa. A buɗe pampon banɗaki a gani. A tambaya ko akwai tanki ko randa in ruwa ya tsaya. Mai ƙananan yara ya san abin da dare ɗaya ba ruwa yake nufi, balle ga alwala da wanka.

Sai sauro. Babban hutu yana faɗowa ne cikin damina, daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi kwantar da yara. Ɗakin da tagarsa ba raga, gadonsa ba sange, ba shi da araha ko nawa aka ce, domin ragin da aka yi maka za ka kai shi gidan likita har da ƙari. Shawarata ma, ka naɗe sangenka na gida ka sa a jaka tare da igiya. Ba ya da nauyi.

Na uku wuta. A Disamba da Janairu fanka ma ba lallai ba ce, bargo za ka nema, don haka biyan kuɗin ɗaki mai na'urar sanyi a lokacin ɓarnar kuɗi ce. A Afrilu da Mayu kuwa, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, tambayar ita ce: in wuta ta ɗauke, akwai inji ko hasken rana? Kuma yana jan fankar ɗakuna, ko fitilar ƙofa kaɗai?

Na huɗu shi ne wanda iyaye suka fi jin tsoro, kuma da gaskiyarsu: wane irin gida ne? Sunan otal ya ɓaci a ƙasar Hausa saboda wasu wuraren da kowa ya san abin da ake yi a cikinsu. Ana gane su ba wuya. In ana ba da ɗaki na awa ɗaya ko biyu, in mashaya na manne da ɗakunan kwana, in ba wanda ya nemi katinka na ɗan ƙasa ya rubuta sunanka, ɗauki jakarka. Masaukin kirki yana cika takardar baƙo, yana ba da rasit, ƙofarsa na kulluwa daga ciki, akwai mai gadi. Wanda zai duba maka ya je bayan isha'i, domin gidan da ke shiru da hantsi yana iya zama kasuwa da dare. A kuma tambayi gidajen saukar baƙi na ma'aikatu da ƙungiyoyi. Wasunsu suna karɓar mutanen waje in akwai ɗaki, kuma galibi sun fi natsuwa.

Bayan waɗannan ne ake zuwa ga kuɗi, kuma a yi lissafin duka. A ce ga ɗaki na jika 8 a bayan gari, ga na jika 11 kusa da tasha da kasuwa. In kowace fita sai ka ɗauki taksi ko kabu-kabu uku, safe da yamma, jika 3 ɗin da ka tsira da su sun tafi tun ranar farko, ga haɗarin ɗora yara a babur. Wanda ke kusa da masu kosai da shayi ya rage maka kuɗin karin kumallo. A tambaya tun farko: kuɗin na ɗaki ne ko na kowane kai? Ana ƙara katifa don yara? Ƙarfe nawa ake sakin ɗaki? Yawanci tsakar rana ce, wanda ya wuce a lissafa masa wani kwanan. Mai kwana biyu ko uku ya nemi ragi ba kunya. Kada kuma a aika kuɗi ta waya saboda hoton da aka gani a Facebook ko WhatsApp. Hoto ba ya nuna wari, ba ya nuna kuɗin cizo a katifa.

Ga ƴan'uwana malamai, wannan ya shafe mu ko ba hutu. Ana tura mu tsaron jarrabawa da gyaran takardu a garuruwan da ba mu san kowa ba, wani lokaci mu ne ke jagorantar ɗalibai. Wanda ya ɗauki ƴaƴan mutane ya ɗauki amana: ɗakin mata daban, na maza daban, malama tare da ƴan mata, kuma iyaye su san sunan wurin da lambar wayarsa kafin mota ta tashi. A kuma bincika lafiyar hanya, a yi tafiya da rana.

Abu ɗaya nake roƙo. Duk malamin da ya sauka wani wuri ya ji daɗinsa, ya rubuta sunan wurin da kuɗinsa da watan da ya je, ya bar wa abokan aiki a makaranta. Cikin shekara ɗaya kowace makaranta za ta samu jerin masaukai da aka gwada, daga bakin mutanen da ta yarda da su, kuma mai niyyar kai yaransa Damagaram a hutu mai zuwa zai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.