Amfanin Bin Tsohuwar Magudana

A ƙasar Suwizalan, can tsakiyar Turai, akwai wani lardi wai shi Valais. Manyan duwatsu sun kewaye shi, suna tare hadari, saboda haka ruwan sama ba ya isar gonakinsa. Amma a ƙwanƙolin duwatsun akwai ƙanƙara jibge, in zafi ya zo sai ta narke.

Mutanen da suka ga ba dalili shuka ta bushe, ga ruwa bisa kansu. Sai suka yi gayya, suka haƙa magudanai tun daga sama har gonaki. Inda dutse ya miƙe kamar bango, sukan huda shi su kafa itatuwa, su ɗora indararo na katako. Ta garin Savièse an yi ta wajen shekarar 1430, ta kuwa yi shekara kamar 500 tana aiki. A waɗansu magudanan akwai guduma ta itace wadda gudun ruwa ke sa ta bugu. In mai gadi ya ji ta yi shiru, ya san ruwa ya ɓalle a wani wuri, sai ya tashi nema.

Yanzu an gyara da yawa daga cikinsu, mutane suna bin gefensu da ƙafa. Waɗansu suna cewa gyaran ɓarnar kuɗi ne, tun da ga bututun ƙarfe. Wannan magana ba daidai ba ce.

Da fari dai, gani ya kori ji. Yaron da ya tsaya bakin indararo, ya dubi zurfin kwarin da ke ƙasa, ya san wahalar da magabata suka sha, ba zai yi wasa da ruwa ba. Na biyu, an yi magudana da ɗan gangare kaɗan don ruwa ya tafi sannu, saboda haka yawancin hanyoyin ba su da wuyar hawa, yaro da tsoho duk sa iya binsu. Na uku, zai koyi adalci, gama kowane manomi yana da lokacinsa na ban ruwa, ba mai cin na wani.

A 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa irin wannan ban ruwa cikin al'adun da ya kamata a kiyaye. Hakan ya dace. Bututu yana kawo ruwa, amma a binne yake, ba ya koya wa yaro kome.