Kafin Ka Ruga Wajen Rangwame, Ka Yi Lissafin Hanya

Daga Wakilinmu na Maiduguri

Duk shekara, da zarar watan Nuwamba ya kama, sai kantunan Ikko da Badun da Fatakwal su cika da sanarwar karya farashi. A shekarun 1970 da 1980 manyan kantuna irin su Kingsway da Leventis da UTC ne suke wannan al'ada gab da Kirsimeti. Yanzu kuwa har cikin wayar hannu ake bin mutum da talla, da sunan Baƙar Juma'a, watau wata al'ada da aka aro daga Amurka. To, 'yan'uwanmu mazauna Kurmi, masu gadi da masu facin takalmi da 'yan Mile 12 da mazauna Sabo ta Badun, tambayar da ta shafe ku ita ce: shin wannan rangwame yana da amfani ga mutumin da iyalinsa suke Maiduguri?

Ra'ayina shi ne, farashin da za ka duba ba wanda aka rubuta a kanti ba ne. Ainihin farashin kaya shi ne abin da suka tsaya maka ranar da suka shiga ƙofar gidanka.

Tsakanin Ikko da Maiduguri tafiya ce ta kilomita wajen 1,500. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, kuma direba ba ya ɗaukar kaya kyauta. A ce ka sayi na'urar sanyaya ruwa ta naira 200,000, aka rage maka kashi 10 cikin 100. Ka tsira da naira 20,000 ke nan. Sai ka cire kuɗin ɗan dako, da na motar da za ta kai ka tasha, da kuɗin kaya, da na sauke su a Maiduguri. Idan kuma gargadar hanya tsakanin Potiskum da Damaturu ta lalata ta, wa zai mayar da ita Ikko a canza masa? Takardar garanti ba ta da amfani ga wanda kantin ya yi masa nisan kwana biyu.

Abu na biyu shi ne lokaci. An tsara wannan rangwame ne domin Kirsimeti da sabuwar shekara. Sallah kuwa tana bin wata ne, tana ja baya da kimanin kwana 11 kowace shekara. A 2024 an yi Ƙaramar Sallah ranar 10 ga Afrilu, a 2025 kuma ranar 30 ga Maris. Wanda ya sayi takalmin yaro a Nuwamba domin Sallar da ke wata huɗu a gaba, yana iya tarar da ƙafar ta fi takalmin. Haka kuma jarinsa ya kwanta a ƙarƙashin gado, alhali ɗan tireda da kuɗin da ke juyawa yake ci.

Na uku, kowane kaya yana da inda yake fitowa. Rago da wake da busasshen kifi daga Arewa suke gangarawa Kudu. Ragunan da kuke gani a Ikko, da yawansu daga kasuwanni irin na Potiskum da Maiduguri aka loda su. Kifin da ake ci a Anacha, akwai wanda ya bi ta kasuwar kifi ta Baga Road. Hular Zanna Bukar da turaren wuta da humra kuwa, Barno ce gidansu. Saboda haka duk rangwamen da aka yi maka a kan irin waɗannan a Kudu, an riga an ɗora kuɗin hanya a kai. Shadda da atamfa ma, Kantin Kwari ta Kano ta fi Balogun kusa da mu, kuma 'yan kasuwar Maiduguri suna saro su a can.

Kada a ce na kushe rangwamen baki ɗaya. Akwai hujja mai ƙarfi a ɗaya ɓangaren. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Dalar Amurka da gwamnati take sayarwa wajen naira 460 a Mayun 2023, ta haura naira 1,500 a 2024. A irin wannan yanayi, wanda ya ajiye kuɗi ya yi asara, wanda ya ajiye kaya ya tsira. Kayan da ke shigowa ta tashar jiragen ruwa ta Apapa, irin su wayar hannu da fitilar sola da leshi, suna iya yin sauƙi a Ikko. Idan abu ne mara nauyi, wanda ba ya fashewa, kuma da ma yana cikin lissafinka, to ka saya, ba laifi. Sai dai ka riga ka san farashinsa tun watan Oktoba, domin ba wuya a ɗaga farashi yau a sauke shi gobe a kira shi rangwame. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Na san kuma akwai maganar tsaraba. Mutum ya shekara a Kurmi, kunya ce ya shigo gida hannu rabbana. Gaskiya ne. Amma tsaraba alama ce ta zumunci, ba ita ce cefanen shekara ba. Turmi ɗaya na uwar gida da ɗan abin yara sun wadatar. Sauran kuɗin, a tura su ta banki tun da wuri, domin ita uwar gida ta fi ka sanin girman yaranta da launin da take so, kuma tela ba ya karɓar ɗinki ana saura mako guda Sallah.

Akwai kuma abin da ya fi lissafin aljihu. Ranar 26 ga Fabrairu, 2023, gobara ta cinye Kasuwar Monday Market. Ba a gama farfaɗowa ba, sai ga ambaliyar madatsar ruwan Alau ranar 10 ga Satumba, 2024, wadda ta shanye unguwanni da kasuwanni. 'Yan kasuwar da suka sake buɗe rumfunansu bayan waɗannan masifu, ƙannenku ne da surukanku. Nairar da aka kashe a rumfarsu tana ratsawa ta hannun tela da ɗan dako da mai Keke Napep kafin ta bar gari.

Don haka, ɗan'uwa, kafin ka shiga layin kanti, ka buga waya gida ka tambayi farashin abin a Monday Market ko Kasuwar Gamboru. Ka haɗa da kuɗin hanya. In har yanzu na Ikko ya fi sauƙi, bismilla. In ba haka ba, ka tura kuɗin, ka hau mota da jakarka kaɗai. Allah ya kawo ku gida lafiya, amin.