Idan igiyar inji ta fizge maka hannu



Da an gama girbin hatsi, sanyi ya fara shigowa, sai hankalin masu lambu ya koma Gulbin Kaba. Daga ƙasar Tasawa har zuwa Mayahi, ruwan wannan kwari a ƙarƙashin ƙasa yake. Da can da guga ake jawo shi. Yau mutane da yawa sun sayi ƙaramin injin fetur na ban-ruwa, wanda ake tayarwa da igiya. Ya rage wahala ƙwarai. Amma akwai wata cuta tasa da muke yi wa mugun magani.

Cutar ita ce wannan. Ka ja igiya, maimakon inji ya tashi, sai ya fizge ta da ƙarfi, har kafaɗarka ta amsa. Wasu su ce injin ya yi taurin kai, su ƙara ja. Kuskure ne. Sau da yawa wutarsa ce ta saɓa lokaci.

A cikin inji akwai fistan, yana hawa yana sauka. In ya hau, sai ya matse iska da fetur. Dab da ya kai ƙarshen hawansa, sai buji ya ba da tartsatsi. Buji shi ne abin da mutanen Najeriya ke kira fulogi. Wuta ta kama, ta tura fistan ƙasa. Ku tuna da mata biyu masu lugude a turmi ɗaya. In taɓarya ɗaya ta sauko kafin lokacinta, karo za a yi. Haka wutar inji take. In ta zo da wuri, sai ta mayar da fistan baya, igiya ta fizge. In ta makara, inji ya rasa ƙarfi, ya yi zafi, ya sha mai a banza.

To, me ke tsare wannan lokaci? Bayan murfin da igiya ke naɗewa akwai wani faifan ƙarfe mai nauyi, da maganaɗisu a jikinsa. Duk zagayen da ya yi, maganaɗisun yana wucewa ta gaban bobin, bobin ya aika wuta ga buji. Faifan yana zaune a kan sandar inji. Abin da ke riƙe shi a daidai mazauninsa wani ɗan ƙarfe ne mai siffar rabin wata, bai kai gaɓar yatsa ba. In dutse ya shiga famfo inji ya tsaya farat ɗaya, ko noti ya yi sako-sako, ɗan ƙarfen nan yana iya tsagewa. Faifai ya goce, lokaci ya ɓace.

Ga inda nake da magana da masu gyara. Tsofaffin mobilet, da tsofaffin injunan jirgin ruwa na masunta a kogin Kwara da tafkin Cadi, suna da wasu ƴan ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa. Su ake matsawa a daidaita wuta. Amma injin ban-ruwa irin Honda GX160, da takwarorinsa ƴan Sin da suka cika kasuwa, ba su da wannan. Tun daga masana'anta aka ƙayyade lokacin wutarsu. Saboda haka in mai gyara ya ce zai saita maka wuta da kunne, tambaye shi cikin ladabi: “Malam, me za ka murɗa?”

Na ga abin da idona. Wani maƙwabcina ya kai injinsa gyara a ranar kasuwa. Aka samu ɗan ƙarfen ya tsage. Maimakon a sa sabo, sai aka goge ƙusa aka cusa. Inji ya yi kwana biyu yana aiki. A rana ta uku ya gurɗa masa wuyan hannu, ƙusar kuma ta ci ramin sandar. Kafin a samo kaya daga Maradi, tumatirinsa ya zubar da fure. Kuɗin ɗan ƙarfen bai kai na kwando guda na tumatir ba.

Ba na cewa duk masu gyara haka suke. Akwai gwanaye. Mu ma manoma muna da laifi, don mu ne ke cewa a yi mana maneji kafin rana ta faɗi.

Ra'ayina shi ne, kowace ƙungiyar masu lambu ta ajiye buji, da ɗan ƙarfen nan, da ma'aunin rata. Ma'aunin rata ƴan siraran ƙarafa ne, kowane da lambarsa. Ratar bakin buji ita ce milimita 0,7 zuwa 0,8. Tsakanin bobin da faifai kuwa wajen milimita 0,4. Wanda ya iya karanta wannan shafi ya iya karanta lambobin. Cire faifai dai aikin mai gyara ne, amma ka tsaya a kansa, kada a buge shi da guduma. In an duba ɗan ƙarfen lafiyarsa lau, a duba bawul, don ratarsu in ta yi yawa ita ma tana sa fizga. Kuma kada a jefa tiyo cikin ruwa ba rariya a bakinsa.

Wajen tayarwa, ja igiya a hankali har ka ji ta yi nauyi, sannan ka ja da ƙarfi sau ɗaya. Kada ka naɗe ta a hannu. Kada ka sa yaro ya tayar da injin da ke fizga. In hannu ya kumbura, ko yatsu sun ƙi motsi, a tafi gidan likita a ranar.

Bayan gyara, a gwada inji a fili. Hayaƙinsa yana ɗauke da guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. In injin yana cikin rami ko rijiya, kada kowa ya sauka yana aiki, ko an kashe shi sai an jira iska ta sake.