Gamsuwar ɗalibai da karatu ta intanet: Su wa aka tambaya?

Tun da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, manyan makarantun ƙasar nan suka koma ga karatu ta intanet, wasu da shiri, wasu kuwa dole ce ta sa. A Gombe, inda ake da Kwalejin Ilimin Fasaha ta Tarayya, da Jami'ar Jihar Gombe, da cibiyar Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, daidai ne a tambayi ɗalibai ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Yadda aka saba yin tambayar ne nake da ja a kai.

Galibi ta intanet ɗin ake tura tambayoyin, a zaurukan WhatsApp na aji. Duk wanda ya amsa ke nan yana da data, wayarsa kuma da caji. Ɗalibar da ke unguwar Madaki, wadda wayarta ke yini a shagon mai caji, ko take aron ta yayanta da dare, ba ta ga tambayar ba balle ta amsa, alhali ta fi kowa abin faɗa. Idan aka tattara sakamako aka ce yawancin ɗalibai sun gamsu, to muryar waɗanda tsarin bai zubar a hanya ba kaɗai aka ji.

Waɗanda yake zubarwa kuwa ba laifinsu ba ne. A watan Afrilun 2024 ɓarayi sun lalata turakun babban layin wuta na Jos zuwa Gombe, gari ya daɗe cikin duhu. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Darasin bidiyo kuma cin data yake yi kamar wutar daji.

Ita kanta kalmar gamsuwa akwai gyara a cikinta. Ka tambayi ɗan Arewa yaya karatu, "Alhamdulillahi" zai ce, ko da bai samu shiga darasi ko ɗaya ba a makon. Tarbiyya ce, ba shaida ba ce. Balle a ce akwai gurbin rubuta lambar rajista a saman takardar, malamin da ake tambaya a kansa kuma shi ke riƙe da makin jarrabawa.

Shawarata ga shugabannin makarantun nan ita ce su raba tambayoyin a takarda, ba suna ba lamba, a ranar jarrabawa, domin ranar ce kowa ke zuwa da ƙafarsa. A kuma tambayi abin da ke ƙirguwa: darasi nawa ya wuce ka saboda wuta ko sabis, naira nawa ka kashe a data a wata, kwana nawa malami ya ɗauka kafin ya amsa tambayarka. Sannan a ware amsoshin mata daban, a ware na mazauna cikin gari da na masu zuwa daga Kumo ko Dukku, a liƙa sakamakon a allon sanarwa inda ɗaliban za su gani.