Lada Iri Biyu Ne

Duk falken da ya taɓa ratsewa daga Kwanar Ɗangora da dare, ya bar Tudun Wada a baya, ya kutsa dajin Falgore ya nufi Doguwa, ya san mutanen nan da akan tarar a bakin ƙauyuka, kowa da tocila da gora, waɗansu da bindigar maharba, sun hura wuta suna jin ɗumi. Su ne 'yan sintiri. Ba a san su a littafin albashi na kowace hukuma ba, amma saboda su ne mai shago yake iya runtsawa, makiyayi kuma yake wayar gari ya tarar da garkensa a cike. Tun shekarar 2015, sa'ad da satar shanu ta yi ƙamari a dajin nan har gwamnatin Kano ta tashi tsaye a kanta, mutanen kudu suka ƙara sanin darajarsu.

Ba kuwa su kaɗai ba ne. A ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa akwai mazaɓu 50 cif: Bebeji 14, Kiru 15, Tudun Wada 11, Doguwa 10. Da wuya a sami ɗaya a cikinsu wadda ba ta da kwamitin lura da makarantar firamare, da na ɗakin shan magani, da na kasuwa, da na maƙabarta. Bayan waɗannan ga samari da 'yan mata da suka gama koyon aikin lafiya ko na malanta, ba a ɗauke su ba, suna sammako kullum suna aiki tamkar ma'aikata, ana kiransu 'yan sa-kai, a kan fatan wata rana a sa sunansu. Majalisar ƙaramar hukuma ita ce mai yanke shawara a kan yawancin mutanen nan: wa za a naɗa, wa za a ba wani abu, nawa za a ba shi, kuma daga wace jaka. Shawara ce da akan yanke ta a gurguje a ƙarshen zama, alhali kuwa ta fi yawancin abin da ake daɗewa ana gardama a kansa nauyi.

Dalilin tada maganar kuwa shi ne abubuwa uku da suka auku cikin shekara guda. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke hukunci cewa kason ƙananan hukumomi daga asusun tarayya a riƙa ba su shi kai tsaye, kuma ba ya halatta gwamna ya ajiye kantomomi a gurbin zaɓaɓɓu. Aka shiga 2025 ana ta ja-in-ja a kan yadda za a zartar da shi, amma hukuncin ya riga ya nuna wanda za a tambaya in kuɗi sun salwanta. A watan Yulin nan dai aka sa hannu a dokar da ta mai da mafi ƙanƙantar albashi naira 70,000, a Oktoba kuma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ce na Kano 71,000 ne. Ran 26 ga wannan watan aka yi zaɓen shugabannin ƙananan hukumomi 44 da kansiloli 484. Watau ma'aikaci ya ƙara tsada, wanda zai biya shi kuma ya zama mai suna da gida, wanda ake iya tarar da shi a masallacin Juma'a.

Masu karatun wannan shafi ba baƙin mas'alar ba ne, ko da ba su taɓa shiga sakatariya ba. Imam Mawardi, wanda ya rasu a Bagadaza a shekarar 450 ta Hijira, ya yi mata babi a littafinsa na hukunce-hukuncen sarauta. Ya ƙidaya fuskoki tara da suka raba muhtasibi, watau wanda hukuma ta naɗa ya yi horo da kyakkyawa ya hana mummuna, da mutumin da ya ɗauki aikin don kansa. A kan na farko aikin wajibi ne na ainihi saboda naɗin da aka yi masa, ba shi da ikon ya bar shi ya tafi wata sabga. A kan na biyu kuwa farillar kifaya ce, in ya samu hali ya yi, in gonarsa ta kira shi ya tafi. Na farko ana kai masa ƙara kuma tilas ya saurara, yana da ikon ɗaukar mataimaka, yana da ikon ladabtarwa a kan abin da bai kai haddi ba. Na biyu ba shi da ko ɗaya. Sa'an nan ga wadda ta fi shafar zancen yau: naɗaɗɗe yana da hakkin a ciyar da shi daga baitulmali, mai sa-kai ba shi da shi. Duk wanda ya duba da kyau zai ga malamin ya ɗaure abu uku wuri guda, watau tilas, da iko, da albashi. Wanda aka ɗora wa na farko a ba shi sauran biyun. Wanda ba a ba albashi ba kada a tilasta shi, kada kuma a damƙa masa iko a kan jikin mutane ko dukiyarsu.

Kano ta riga ta gwada wannan da kanta. Sa'ad da aka ƙaddamar da shari'a a 2000, 'yan Hisba ƙungiyoyi ne na masu sa-kai, kowace da malaminta. Da aka ga aikin ya zama na kullum, ya kuma haɗa da kama mutane, sai aka yi doka a 2003, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, aka kafa hukuma, aka ɗauki dakaru ana biyansu. Ko mutum yana yabon Hisba ko yana sukarta, ya san ofishin da zai kai kuka, ya san wanda ke da alhakin amsawa.

To, ɓarnar da ake gani a ƙananan hukumomi ta fito ne daga wani aji na uku wanda babu shi a littafi. Shi ne mutumin da aka ce masa ɗan sa-kai, amma aka yanka masa lokacin zuwa da na tashi, in ya yi fashi a yi masa faɗa, a ƙarshen wata kuma a miƙa masa abin da ake kira alawus, wani watan ya zo, wani watan a ce babu. Ko almajirin da bai wuce Risala ba ya san ijara ba ta inganta sai an ambaci lada an kuma yanke ajali. Attajiri ba ya ɗaukar ɗan dako ya ce masa ɗauki buhun nan, in na ga dama na ba ka wani abu. In ya yi haka cinikin ɓatacce ne, kuma malamai suka ce a biya ma'aikacin ladan irin aikinsa. Yaya abin da ba ya halatta ga mai rumfa a kasuwar Kwanar Ɗangora zai halatta ga hukumar da ke karɓar kuɗin rumfar? Yarinyar da ta shekara uku tana karɓar haihuwa a ɗakin shan magani na ƙauye, tana zuwa kullum bisa umarni, 'yar ijara ce ko da me aka kira ta. Alkawarin cewa wata rana za a ɗauke ta ba lada ba ne, garari ne, tamkar sayar da kifin da ke cikin madatsar Tiga tun ba a jefa koma ba.

Akwai kuma wata hasara wadda 'yan kasuwa suka fi kowa ɗanɗana ta. Wanda aka ba iko ba a ba shi abinci ba, zai ciyar da kansa da ikon. Sahabbai sun gane haka tun ranar farko. Da aka yi wa Sayyidina Abubakar mubaya'a ya ɗauki tufafinsa na sayarwa ya nufi kasuwa kamar yadda ya saba, Umaru da Abu Ubaida suka tare shi, aka yanka masa abin da zai ishe shi da iyalinsa daga baitulmali, don ya keɓe ga aikin jama'a. Masu tara zakka ma an sanya musu rabo a cikinta. A nan ƙasar, sa'ad da aka kafa baitulmalin En'e a zamanin Sarkin Kano Abbas, aka yanka wa hakimai da alƙalai albashi sananne maimakon kowa ya tsakuri rabonsa daga abin da ya tara, hikimar ke nan, ko da yake Turawa sun yi ne don amfanin mulkinsu. Yau in an ga wani ya gicciya igiya a hanya yana karɓar ɗari biyu ga kowace motar masara ba rasit, a bincika, galibi za a tarar wani kwamiti ne ya ajiye shi, bai kuwa yanka masa kome ba. Hukuma tana zaton ta sami ma'aikaci kyauta, alhali falke ne yake biyansa, mai awo a birni kuma shi ne yake biyan falke.

Shugaban ƙaramar hukuma yana da uzurinsa, kuma adalci ne a faɗe shi. Kafin kuɗi su iso hannunsa an cire albashin malaman firamare, ga na ma'aikatan lafiya, ga fansho. Manyan ma'aikatansa ma ba shi ke ɗaukarsu ba, hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta jiha ce. In aka ce ya ɗauki mutum 100 a kan naira 71,000, kowane wata naira 7,100,000 ke nan, a shekara 85,200,000, ban da ƙarin girma. Ba kowace jaka ke ɗaukar wannan ba. Amma uzurin iyakarsa ya hana ɗaukar mutane da yawa, bai halatta riƙe su a banza ba. Bebeji ce ta haifi Alhassan Ɗantata a 1877, kuma ba a taɓa jin madugun kirki ya ɗauki 'yan alaro fiye da guzurin da ke cikin mangalarsa ba. In majalisa tana da ƙarfin mutum ashirin, ta ɗauki ashirin da takarda, a rubuta aikin kowa da albashinsa da ranar biya, sauran a gaya musu gaskiya su nemi wata sana'a tun ƙuruciyarsu ba ta ƙare a bakin sakatariya ba. Wannan magana ce mai ɗaci, amma ta fi daɗin bakin da ake yi musu.

Su kuwa kwamitoci na haƙiƙa, irin na makaranta da maƙabarta da rijiya, abin da ya fi musu shi ne a bar su yadda gayya take tun kaka da kakanni. Da zarar an ce akwai kuɗin zama, sai dattijon da ya shekara ashirin yana haƙa kabari don Allah a ture shi, a sa wanda ya yi wa kansila yawon neman ƙuri'a. Sabon shugaba ya zo ya rushe, ya kafa nasa, littafin kuɗin gyaran rufin aji ya ɓace tsakanin wancan da wannan. Maganinsa jama'ar mazaɓa su zaɓi mutanensu a gaban dagaci da liman, majalisa ta rubuta sunayen kawai, wa'adinsu kuma kada ya bi na 'yan siyasa. Abin da suka kashe na man babur ko batir ko siminti a mayar musu da shi bisa rasit, ta hannun ma'ajin kwamiti, domin mayar wa mutum kuɗinsa ba albashi ba ne, ba ya kuma rage masa ladansa na can. Amma kada a ba su littafin karɓar haraji, kada a ba su ɗakin tsare mutane. Mai karɓar kuɗin kasuwa da na tasha lalle ya zama ma'aikaci mai lamba, wanda in ya ci amana akwai albashin da za a tsayar.

'Yan sintiri su ne mas'alar da ta fi wuya, don sun tsaya a kan iyaka. Aikinsu na dare ne, na kullum, da makami, kuma ana mutuwa a cikinsa. A 2025 gwamnatin Kano ta yi dokar kafa rundunar tsaron unguwanni ta jiha, amma runduna ɗaya ba za ta kwana a kowane ƙauye daga Zainabi zuwa Gwarmai ba, masu sa-kai za su ci gaba da tsayuwa. Mafi ƙarancin abin da ke kan majalisa game da su shi ne ta san su da suna, ta hannun mai unguwa da dagaci da ofishin 'yan sanda, ta iyakance musu cewa wanda suka kama su miƙa shi, ba su ne alƙalai ba. Sa'an nan ta ware wani abu sananne a kasafinta domin wanda aka jikkata da iyalin wanda aka kashe. Abin kunya ne a ce mutum ya faɗi yana tsaron shanun gari, sai a zagaya da faranti bayan sallar Juma'a ana nema wa marayunsa hatsi, manya su zo ta'aziyya da ambulan guda, daga nan shiru.

Duk wannan ba ya bukatar izinin Abuja. Kowace majalisa tana tsara kasafin shekara mai zuwa a ƙarshen wadda ake ciki, kansiloli suna zama a kai, magatakarda yana rubutawa. Malamai da shugabannin kasuwa na mazaɓun nan hamsin suna iya zuwa wurin kansilansu tun kafin zaman, su nemi a fitar da takarda biyu, ɗaya ta masu albashi da abin da kowa ke ɗauka bisa matakinsa, ɗaya ta 'yan sa-kai da abin da aka ware don hidimarsu. A rubuta su da boko da ajami, a manna a ƙofar sakatariya a Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Riruwai, a kuma karanta su ran kasuwa. Wanda yake zuwa aiki kullum ya duba bai ga sunansa a ko ɗaya ba, sai ya tafi da shaidu biyu gaban shugaban ma'aikata ya nemi a gaya masa a rubuce wace ce tasa.