Ta haddace «cinq» amma ba ta san biyar ce ba



Ɗiyata shekararta biyar, tana jardan a nan Maraɗi. Ran nan ta tsaya gabana ta rero «un, deux, trois» har ashirin, ko tuntuɓe babu. Na ji daɗi. Sai na zuba gujiya a faifai na ce ta ɗebo mini «cinq». Ta cika hannu ta miƙo. Na ce to, ba ni biyar. Nan take ta ƙirga ɗaya-ɗaya ta ba ni daidai. Ashe waƙa ta haddace a lakwal, lissafin kuwa a gida ta tsince shi.

Ba madam ɗinsu nake zargi ba, yadda aka koya mata take koyarwa. Tsarin nake ƙorafi a kai.

In aka ce a koya wa ƴan jardan kimiyya da fasaha da lissafi, sai mutane su yi dariya: ina kwamfuta, ina lantarki? Wallahi ba nan abin yake farawa ba. A kafa sanda a tsakar fili, yara su shata inuwarta da safe, su dawo da azahar su ga ta gajarta ta kuma juya. A shuka wake a gwangwani biyu, ɗaya a ba shi ruwa, ɗaya a hana shi, kowa ya faɗi abin da yake zato kafin sati ya zagayo. A taɓa ruwan randa da na bokitin roba, a tambaye su wane ya fi sanyi. Randa tana tsatsafar da ruwa, iska na busar da shi, zafin na tafiya tare da shi. Yaron da ya ƙera motar kara, ƙafa ta cire ya sake dabara, ai aikin injiniya ya fara. Duk wannan bai kai jikka guda ba.

Wani zai ce: ajin ma ba mu da shi. Gaskiya ne. Ba mu manta gobarar ajujuwan zana ta Yamai a watan Afrilun 2021 da ta Maraɗi a watan Nuwamban shekarar ba, inda ƙananan yara da yawa suka rasu. Allah ya jiƙansu. Gina aji wajibi ne, mu ci gaba da neman sa. Amma yaron da ke shekara biyar bana ba zai tsaya jiran siminti ba.

Mu tuna Abdu Mumuni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, masanin makamashin rana wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa. Ranar da ya yi bincike a kanta ita ce dai ke dukan filin kowane jardan a ƙasar nan.

Roƙona biyu ne. Ga hukuma: a horar da malaman jardan kan koyarwa da abin da yaro zai taɓa da hannunsa, cikin harshen da yake ji, Hausa ne ko Zabarmanci ko Fulatanci ko wani. Faransanci ya biyo baya ya sa wa abin suna.

Ga mu iyaye kuma: in yaro ya ce «don me?», mu daina cewa ya cika surutu. In ba mu sani ba, mu ce zo mu gwada. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ni dai na shuka wakena da ɗiyata. Ku gwada naku a gida, ku faɗa mana abin da yaran suka ce.