Shela A Waya, Labari A Ƙauye

Akwai wata al'ada da ta kama ƙungiyoyin taimakon jama'a a wannan zamani, watau ƙungiyoyin nan da ba na Gwamnati ba ne, ba kuma don neman riba aka kafa su ba. Kowace, babba da ƙarama, sai ta buɗe shafi a Facebook, ta buɗe wani a Twitter, wanda aka sake wa suna X a 2023, sa'an nan ta tara wakilanta cikin zaure guda na WhatsApp. Ta nan suke sanin juna, ta nan suke jin abin da 'yan'uwansu ke ciki, ta nan kuma suke kai kuka wurin masu iko. Waɗansu mutane suna yabon abin nan har su wuce gona da iri, waɗansu kuwa suna cewa ai surutu ne kawai na masu wayar hannu. Labarin Bagega ya isa ya raba wannan gardama, gama a cikinsa aka ga abin da waya ke iyawa, aka kuma ga inda ƙarfinta ya ƙare.

A farkon 2010 yara ƙanana suka dinga mutuwa a waɗansu ƙauyuka na ƙasar Anka da ta Bukkuyum cikin Jihar Zamfara, kamar su Dareta da Abare da 'Yargalma. Yaro sai ya kama amai, jikinsa ya yi ta jijjiga, a ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro, maganin bai yi kome ba. Asalin abin kuwa zinariya ce. Da kuɗinta ya hau a kasuwannin duniya, sai manoma suka koma haƙar duwatsu, su kawo gida, a daka a turmi, a niƙa a inji irin na niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida. Ashe duwatsun nan cike suke da dalma. Ƙurarsu ta bi ɗaka, ta kwanta a ƙasa inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Kafin a shawo kan al'amarin, yara kimanin 400 sun rasu.

To, wa ya fara kawo labarin? Lalle ba Facebook ba ne. Tun kafin yaran, agwagin ƙauyukan nan sun riga sun soma ƙarewa, mutanen gari kuwa sun gani da idonsu, sai dai babu wanda ya zo ya tambaye su. A watan Maris na 2010 ne ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta MSF, wadda aka kafa a Faransa a 1971, suka sami labarin mace-macen, suka je har ƙauyukan, suka ɗebi jinin yara aka kai Turai aka auna, sa'an nan gaskiya ta fito. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, domin za a komo kansa.

Maganin gubar dalma yana da wani sharaɗi mai wuya. Akwai ƙwayar da ake ba yaro ta jawo dalmar daga jininsa ta fita ta fitsari, amma in aka sallame shi ya koma gidan da ƙasarsa ke da guba, to an yi aikin banza, jinin zai sake cika. Saboda haka tilas ne a fara kankare ƙasar kowane gida, a kwashe ta a binne nesa, a zubo sabuwa, kana likita ya sa hannu. An yi wannan aiki a ƙauyuka 7 tsakanin 2010 da 2011, da taimakon wani kamfani na Amurka mai suna TerraGraphics. Bagega, wadda ta fi su girma, ita aka bari. Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850, kuɗin kuwa suka maƙale a Abuja. A watan Mayu na 2012 aka yi babban taro a can kan wannan magana, ministocin da abin ya shafa ba su halarta ba. Damina ta zo ta wuce. Yara kimanin 1,500 suna jira a Bagega, likitoci suna nan kusa da su a Anka da magani a hannu, ba halin bayarwa.

A nan ne waya ta shigo. Wani saurayi mai suna Hamzat Lawal ya tashi daga Abuja ya je Bagega da kansa, shi da abokan aikinsa suka kafa abin da suka kira Follow The Money, watau bin sawun kuɗi. Suka fito da take guda, #SaveBagega, ma'ana a ceci Bagega, wanda duk mai rubutu a Twitter zai liƙa a jikin maganarsa don maganganun su taru wuri ɗaya. A watan Disamba na 2012 ƙungiyar Human Rights Watch ta haɗa kai da samarin ƙasar nan, suka roƙi jama'a kowa ya je shafin Shugaba Goodluck Jonathan na Facebook ya tambaye shi ina kuɗin da aka yi alkawari. Wannan dabara ta dace da mutumin, gama shi ne shugaban da ya bayyana niyyarsa ta tsayawa takara a shafin nan a watan Satumba na 2010, yana kuma alfahari da cewa ta nan yake jin talakawa. Aka bi shi har zauren da ya buɗe da kansa. Sanata Bukola Saraki, wanda ke shugabantar kwamitin muhalli na Majalisar Dattawa a lokacin, ya ɗauki maganar. A ƙarshen Janairu na 2013 aka ba da umurnin sakin kuɗi, aka soma kankare ƙasar Bagega, a watan Afrilu kuma likitoci suka fara ba yaran farko magani.

Duk wanda ya ce surutun waya ba ya haifar da kome, sai ya dubi wannan. Abin da takardu da taron manya suka kasa fiye da wata 6, kunya a bainar jama'a ta yi shi cikin makonni. Har wa yau akwai wani amfani da ba a cika faɗa ba, shi ne haɗa waɗanda da can ba su da hanyar haɗuwa. Likita a Anka, lauya a New York, saurayi a Abuja, ɗan jarida a Legas, kowa da abin da ya sani, ba wanda ya san duka. Dā sai a yi wata guda ana aika wasiƙu kafin su gane cewa abu ɗaya suke nema. Yanzu kuwa take guda ya tara su, wanda ke da lissafi ya ba wanda ke da murya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, wannan kuwa ita ce igiyar da ta haɗa hannayen.

Amma fa a lura da abin da ke ƙarƙashin shelar. Masu kukan Bagega ba su ce wai a ji tausayin talaka ba kawai. Sun faɗi sunan gari, sun faɗi yawan yara, sun faɗi yawan kuɗi, sun nuna mutum ɗaya wanda sa hannunsa zai warware matsalar. Waɗannan lissafai kuwa ba a waya aka haife su ba. Mutanen da suka yi shekara 2 suna auna jini da ƙasa gida gida, cikin rana da ƙura, su suka samo su. Da babu su, da taken nan ya tashi ya faɗi kamar sauran dubbai da ake ƙirƙira kowace safiya.

Misalin Chibok ya nuna ɗaya gefen. A daren 14 ga Afrilu na 2014 aka sace 'yan mata 276 daga makarantarsu a Jihar Borno. Taken #BringBackOurGirls ya zaga duniya, har matar Shugaban Amurka, Michelle Obama, ta ɗaga allonsa a watan Mayu. Ƙarar ta ninka ta Bagega sau ba adadi, ta kuma hana a binne maganar, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Duk da haka sai a Oktoba na 2016 aka sako 21, a Mayu na 2017 aka sako 82, a 2024 kuma aka cika shekara 10 da sauran waɗansu da ba su dawo ba. Waya tana iya kunyata mai riƙe da alƙalami, amma wanda ke daji da bindiga ba ya jin kunyarta.

Yanzu sai a komo kan maganar agwagi. Cutar da ke neman kama ƙungiyoyi da yawa ita ce su riƙa jin juna, su ɗauka sun ji jama'a. Sakatare ya zauna a ofis a Abuja ko a Kaduna, ya duba wayarsa da safe, ya ga abin da wata ƙungiya ta rubuta, ya tura wa ta uku, ta uku ta mayar wa ta farko, zuwa azahar kowa ya tabbata ya san halin da ƙasa ke ciki. Alhali kuwa magana ɗaya ce ke kewaya tsakanin mutanen da suka yi makaranta ɗaya, suke rubutu da harshe ɗaya. Kusan duk shelar Bagega da Turanci aka yi ta, kuma daidai ne, tun da masu mulki ake nufi da ita. Amma uwar da ta binne ɗanta a Dareta ba ta cikin wannan zaure. In tana da abin faɗi, ba za a gan shi a can ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ga shi kuwa an bar shi a waje ana shawarar jinka.

Ana kiran waɗannan abubuwa kafafen sada zumunta. Sunan ya yi daɗi, sai dai magabata sun riga sun ce zumunta a ƙafa take.

Ban da wannan, hanyar da ke kawo gaskiya da sauri ita ce ke kawo ƙarya da sauri. A watan Agusta na 2014, bayan cutar Ebola ta shigo Legas, wani saƙo ya bi wayoyi cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Kafin gari ya waye gidaje da yawa sun yi, waɗansu suka kwanta asibiti, har aka sami waɗanda suka rasu. Ƙungiyar da ba ta da mutum nata a wurin da abu ya faru, wanda za ta kira ta ce shin haka ne, ba ta da abin tace labari. Sai ta zama ɗaya daga cikin masu yaɗawa, da tambarinta a kai.

Sa'an nan zauren nan aro ne, mai shi yana iya rufewa, Hukuma ma tana iya rufewa. A watan Yuni na 2021 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter a Nijeriya, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairu na 2022, watau wata 7. A Satumba na 2021 kuma aka kashe layukan waya a Jihar Zamfara gaba ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka yi makonni da yawa haka, har abin ya taɓa sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Ƙasar da Bagega take ciki ke nan. Duk ƙungiyar da kunnenta ke cikin waya kaɗai ta kurmance a wannan lokaci, a daidai sa'ar da mutane suka fi bukatar a ji su. Wadda ta san direban motar kasuwa, ta san mai unguwa da ungozoma da malamin asibitin ƙauye, ita ce za ta iya samun ɗan abin da za ta faɗa.

Ba wanda ke cewa a yar da waya. Abin da ya dace shi ne ƙungiya ta mai da ita kunne kamar yadda ta mai da ita baki. WhatsApp yana ɗaukar murya, wanda bai iya boko ba yana iya danna wuri guda ya yi magana da Hausa ko Fulatanci, saƙon ya isa ofis cikin minti ɗaya. Sai a sami wanda aikinsa ke nan, ya saurara, ya rubuta, ya mayar da amsa. Abin da aka gano kuma a mayar da shi ga masu shi ta rediyo, wadda ta riga intanet shiga ƙauye da shekaru masu yawa; sashen Hausa na BBC ma tun 1957 yake magana. Ƙungiyar da ke da ma'aikaci na musamman don ƙawata shafinta, amma ba ta da kuɗin man babur na zuwa ƙauye, ya kamata masu ba ta gudummawa su tambaye ta dalili.

Mutanen Follow The Money dai sun gane wannan, domin bayan an saki kuɗin Bagega ba su nannaɗe tabarma ba, sun ci gaba da bin sawun yadda aka kashe su, daga baya suka zama ƙungiyar Connected Development. Ba a daɗe ba kuwa aka sake bukatarsu. A 2015 dalma ta sake kashe yara 28 a Shikira da kewayenta, cikin ƙasar Rafi ta Jihar Neja, ta hanya ɗaya da ta Zamfara, dutse da turmi da ƙura. Aka sake fito da take, aka sake bin ofisoshi, ba a soma kankare ƙasar ba sai a 2016. A Zamfara kuwa likitocin MSF sun zauna kan aikin dalma fiye da shekara 11, sai a 2022 suka miƙa shi ga hukumomin jihar.